FASHIN BAƘI: Yadda ake canza filtar man tsohuwar mota a gida, da dalilin da ya sa huda ta ke lalata injekta

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Dambatta da Kazaure, ya san wannan yanayi. Golf ce ko Sharon, maƙare da fasinja da buhunan kaya, tana tafiya lafiya ƙalau. Sai direba ya fito zai wuce tirela, ya taka totur, motar ta fara fizga kamar mai shaƙuwa, ta ƙi ja. Idan Allah ya kiyaye, ya koma hannunsa ya gangara gefen titi. Bayan minti goma ya murɗa makulli, ta tashi kamar babu abin da ya faru, sai kuma a hawan tudu na gaba ta maimaita.

Sau da yawa abin da ke jawo haka bai kai girman gwangwanin madara ba. Filtar mai ce, wato matacin da ke tsakanin tanki da inji, ta toshe da dauɗa. Tana cikin kayan gyara mafiya araha a jikin mota, kuma a yawancin tsofaffin motoci mai mota zai iya canza ta da kansa cikin sa'a guda. Amma idan aka yi mata riƙon sakaci, ko aka yi mata irin gyaran gefen titi na hudawa da hurawa, asarar takan koma kan famfon mai da injekta, waɗanda kuɗinsu ya ninka nata sau da yawa.

Me ya sa matsalar ta ƙaru?

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 a farkon shekarar ta haura naira 500 a Arewa cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoba 2024 ta zarce naira 1,000. A tsakanin nan darajar naira ta faɗi, farashin motoci na hannu da na kayan gyara ya tashi. Wanda a da yake sayar da motarsa bayan 'yan shekaru ya sauya wata, yanzu sai dai ya lallaɓa wadda yake da ita.

Tsadar ta sauya yadda ake shan mai. Mutane da dama sun daina cika tanki, sai dai a zuba lita uku ko biyar, daidai tafiyar ranar. A ƙauyukan Roni, Gwiwa da Babura, inda gidan mai kan yi nisa, akan koma ga 'yan bumburutu. Ba kowane mai jarka ba ne ke gurɓata mai da gangan, amma man da ya bi ta duro, ya shiga jarka, ya fito ta mazurarin da ke ajiye a ƙasa a tsakiyar ƙurar hunturu, da wuya ya isa tanki ba tare da yashi ba.

Yawo da tanki kusan wayam yana da illa uku. Famfon da ke cikin tanki man ne ke sanyaya shi, don haka ƙarancin mai yana sa shi zafi. Ɗan man da ya rage kuma yana jijjiga a hanyoyin burji, yana tayar da lakar da ta kwanta a gindin tanki. Sannan iskar da ta cika sauran tankin tana ɗauke da laima, musamman da damina, wadda ke zama ɗigon ruwa, ta haifar da tsatsa a tankunan ƙarfe na tsofaffin motoci. Duk wannan tarkacen a filta yake tsayawa.

Aikin filta, da abin da ba ta iyawa

A cikin gwangwanin filta akwai wata takarda ta musamman da aka nannaɗe, mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. A motocin injekta tana tare ƙwayar dauɗar da ta fi silin gashin mutum sirantaka sau da yawa, domin bakin injekta tsukukke ne ƙwarai. Yau da gobe ƙofofin suna cikewa. Lokacin da inji ke aiki a tsaye, ɗan man da ke samun wucewa ya ishe shi. Amma da zarar an ɗora kaya, ko an fuskanci tuddan Kazaure da Roni, ko an taka totur don wuce wata mota, sai inji ya nemi man da filtar ba za ta iya sakar masa ba. Idan aka kashe motar ta huta, wani ɓangare na dauɗar yakan saki takardar ya kwanta, shi ya sa take tashi ta yi 'yar tafiya kafin ta sake cijewa.

Sauran alamomin sun haɗa da daɗewa ana buga makulli kafin ta tashi, da mutuwa a tsakiyar tafiya, da wani kuka siriri daga wajen tanki, wanda ke nuna famfo yana shan wahalar tura mai. Sai dai lalatattun fulogi, toshewar filtar iska, ko famfon da ya riga ya gaji duk suna iya kawo irin waɗannan alamomi. Ana farawa da filta ne saboda ita ce mai araha, kuma a tsohuwar mota ba kasafai ake sanin ranar da aka canza ta ba.

Filta ba ta raba mai da abin da ya narke a cikinsa. A ranar 8 ga Fabrairu, 2022, hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar rarraba man fetur ta sanar da cewa an gano fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima a kasuwar Najeriya. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa an yi dakon man ne a jiragen ruwa huɗu daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Irin wannan gurɓatar, da ta haɗa fetur da kananzir, tana ratsa sabuwar filta kamar babu ita. Maganinta juye tankin gaba ɗaya.

Gyaran da ke zama ɓarna

Abin da aka fi yi a gefen titi shi ne a ciro filtar, a bubbuga ta, a hura ta da baki, a mayar. Wasu kan soka mata waya ko kusa don mai ya samu hanya, wasu kuma su cire ta ɗungurungum su haɗa tiyo da tiyo. Motar za ta tashi, har direba ya yaba wa mai gyaran. Amma daga wannan lokaci duk yashi da tsatsar da ke tanki kai tsaye suke tafiya cikin kafireta ko injekta. Barin toshasshiyar filta kuma yana sa famfo ya yi ta turawa ba wurin wucewa har ya ƙone. An gudu ne ba a tsira ba.

Hurawa da baki, da zuƙo mai ta tiyo, suna da nasu haɗarin. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo cutar. Idan kuma ya sarƙe mutum ya gangara huhu, ko kaɗan ne yana iya kumbura huhun har a kwanta asibiti. Yaran gareji ne suka fi yin wannan.

Fara sanin irin motarka

Ba kowace filta ake canzawa a gida ba. Motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, suna da 'yar ƙaramar filta, galibi ta roba mai nuna ciki, a kan tiyon da ke shiga inji. Ƙarfin turin man a nan kaɗan ne, kuma canjin bai wuce kwance kilif biyu ba.

Motocin injekta na shekarun 1990 suna da filtar ƙarfe, kuma man da ke cikinta a matse yake. A yawancinsu matsin yana kaiwa wajen ba 3 a ma'aunin iska, alhali tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da 'yan kai ba. Ke nan man da ke layin ya fi iskar taya matsi, kuma yakan ci gaba da zama a matse bayan an kashe inji. A Golf 3 filtar tana ƙarƙashin mota, kusa da tayar baya ta hannun dama. A Corolla da Camry na waɗancan shekaru tana cikin ɗakin inji, an ɗaure ta da noti sama da ƙasa.

Yawancin motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000, ciki har da Corolla ta 2003, filtarsu tana cikin tanki haɗe da famfo. Wannan aikin gareji ne. Haka ma motocin dizal, domin bayan canji sai an fitar da iskar da ta shiga layin, in ba haka ba ba za su tashi ba.

Sayen filta da kayan aiki

Ko a shagunan Kazaure za a saya ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da hoton tsohuwar filtar da lambar da ke jikinta, da sunan motar da shekararta. A duba bakin shiga da na fita su yi daidai da na tsohuwar, kuma a nemi kibiyar da ke nuna inda mai ke nufa. Kada a kuskura a sa filtar roba ta kafireta a motar injekta, domin matsin zai fasa ta, mai ya feshe kan inji mai zafi. Kada kuma a sayi ta hannu. Akwai kayan gyaran da na hannu ya fi sabo inganci, amma filtar da aka ciro daga wata mota dauɗar waccan motar ce aka saya.

Idan filtar mai noti ce, a haɗa da sababbin washa na jan ƙarfe, domin tsofaffin sun riga sun lotsa, ba sa sake riƙe mai. Idan tiyon ya bushe ko ya tsattsage, a canza shi da tiyon mai na injekta, a sa sababbin kilif. Sauran kayan su ne sifana biyu daidai girman notin, sukundireba, filaya, tsummoki, kwanon ƙarfe na tarar mai, kwalbar gilashi mai tsabta, tabarau na kare ido, da tocila mai batir.

Wurin aiki: wuta ce babban abin tsoro

Jigawa ba ta buƙatar a tuna mata abin da fetur ke yi. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Abin da ya kamata mai gyara a gida ya sani shi ne tururin fetur ne ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi. Yana bin ƙasa ya kwarara kamar ruwa, har ya tarar da garwashin da ke nesa da motar.

Saboda haka a yi aikin a fili, da rana, a wuri mai shan iska, nesa da murhu, janareta, injin markaɗe da mai shan taba. A sanar da matan gida kada a hura wuta sai an gama, a kuma kawar da yara. A bar inji da salansa su huce sarai. A ajiye tukunyar kashe gobara, wadda dama Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta wajabta a kowace mota, da bokitin yashi. Ba a kashe wutar fetur da ruwa, domin man yana tasowa saman ruwan ya bazu da wutar.

Matakan canjin

1. A sauke matsin mai. A buɗe akwatin fiyus, a nemo na famfon mai, wanda galibi aka zana a murfin akwatin, a zare shi. A tayar da motar a bar ta ta mutu da kanta, sannan a ƙara buga makulli na daƙiƙa uku zuwa biyar. A kashe, a zare makullin, a sassauta murfin tanki. Motar kafireta mai famfon da inji ke juyawa ba ta buƙatar wannan mataki.

2. A cire kan batir na nagetif, wato mai alamar debewa, a kawar da wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba.

3. Idan filtar tana ƙarƙashi, a tsayar da motar a ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, a ja hambirki, a sa giya, a kafa wa tayoyi waigi. A ɗaga da jak, sannan a tokare da ƙafar ƙarfe ta gareji. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana rugujewa farat ɗaya. Wanda ba shi da matokari ya kai motar ramin gareji.

4. A ɗauki hoton filtar da waya kafin a fara kwancewa, don a tuna yadda take da inda kibiyar ta dosa, sannan a ajiye wayar nesa. A goge laka da ƙurar da ke bakin haɗin, kada su faɗa cikin layin.

5. A sa kwano a ƙasa, a naɗe bakin haɗin da tsumma, a sassauta a hankali, fuska a gefe. Ko an sauke matsi, sauran mai zai zubo. Idan noti ne, a riƙe jikin filtar da sifana ɗaya a juya notin da ɗayar. Juyawa da sifana guda yana murɗe bututun ƙarfen, gyaransa kuma ya fi canjin filta wahala. Idan tiyo ya manne, a jujjuya shi kafin a ja, kada a soke shi da sukundireba.

6. A kwance maɗaurin, a ciro tsohuwar, a sa sabuwar da kibiyarta tana kallon inji. A fara ɗaure noti da hannu don kada zaren ya karkace, sannan a ƙarasa da sifana ba tare da wuce ƙima ba. A tabbata tiyo bai lanƙwashe ba, kuma ba ya gogar salansa.

7. A share man da ya zube, a kai tsummokin da kwanon nesa, a jira warin ya tafi. A rufe tanki, a mayar da fiyus, sannan a mayar da kan batir.

8. A murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da tayar da inji ba, a jira 'yan daƙiƙu, a kashe, a maimaita sau uku don filtar ta cika. Wasu tsofaffin Toyota famfonsu ba ya aiki sai ana buga inji, don haka za su ɗan daɗe kafin su tashi.

9. A tayar da motar, a haska haɗin biyu da tocila, a shafa busasshen tsumma. Ko laima aka gani, a kashe a gyara. A sauke motar, a yi gajeriyar tafiya, a sake dubawa, washegari ma a leƙa.

Tsohuwar filta tana da labari

Kafin a jefar da ita, a juye man da ke ciki ta bakin da mai ke shiga, cikin kwalbar gilashi, a bar shi ya natsu. Idan aka ga jan gari, tankin ya yi tsatsa. Idan yashi ne, daga wajen sayen mai ko murfin tankin da ba ya rufuwa da kyau yake shiga. Idan wani ruwa ya kwanta a ƙasa man yana samansa, ruwa ne, domin ya fi fetur nauyi. Baƙaƙen ɓarɓashi kuma alama ce ta tiyo yana ruɓewa daga ciki. Duk wanda ya ga tsatsa ko ruwa da yawa, ya sani sabuwar filtar ma ba za ta daɗe ba sai an sauke tankin an wanke shi.

Man da aka tara kada a zuba shi a kwata, shadda ko kusa da rijiya, kuma kada a ba da shi don hura wuta. A zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfi a kai gareji.

Yaushe za a sake canzawa?

Littattafan yawancin motocin da ke da filta a waje suna ba da tazarar kilomita 30,000 zuwa 60,000. An yi wannan lissafin ne da mai mai tsabta da titin kwalta. Motar hayar da ke zirga-zirga kullum tsakanin Kazaure, Roni da Gwiwa, ko mai bin kasuwannin ƙauyukan Babura tana shan man jarka, ta fi dacewa da ƙasan wannan adadi, ko sau ɗaya a shekara idan mitar ta daina aiki. Ƙarshen hunturu lokaci ne mai kyau, bayan ƙura ta lafa. A rubuta ranar canjin a jikin filtar ko a takardun motar.

Wanda dole sai ya sayi mai a jarka, ya nemi a zuba masa ta mazurari mai raga ko tsabtataccen ƙyalle, ya kuma kalli man a kwalba kafin ya biya. Idan hali ya yi, kada a bari allurar mai ta riƙa sauka ƙasa da kwata. Man da mota ke sha ɗaya ne ko tankin yana rabi ko yana ƙasa, cikon farkon ne kawai ke da nauyi a aljihu.

Idan noti ya ci tsatsa ya ƙi motsi, ko bututun ƙarfe ya fara yoyo, ko an canza filtar amma fizgar ba ta daina ba, a nan aikin gida ya ƙare. A kai wa bakanike, a kuma nemi ya auna matsin man da ma'auni kafin ya ce a sayi sabon famfo. Fasinja kuma yana da ta cewa: idan ya ji warin fetur a cikin mota, ko ya ga an haɗa tiyo da tiyo a gefen titi ana ɗaurewa da roba, ya nemi a tsaya a duba, ko ya sauka ya jira wata motar.